Na daki motar da aka ajiye a gefen titi, aka rubuta mini tara: in biya ko in je kotu?

"Barista, barka da aiki. Makon jiya ina dawowa daga wurin aiki da daddare, ina shan wata kwana sai kawai na ga mota a gabana, an ajiye ta rabin jikinta a kan titi, ba fitila ba wata alama. Na taka birki, amma sai da na daki bayanta. Ba kowa a ciki, ni ma ban ji ciwo ba. Na tsaya har mai motar ya zo, 'yan sanda ma suka zo. Abin da ya ƙona mini rai, ni aka rubuta wa takardar tara wai na yi tuƙi ba tare da kula ba, shi kuwa ko uffan ba a ce masa ba. Zan iya ƙalubalantar takardar nan? In na je kotu akwai alamar nasara, ko ɓata lokaci ne kawai?"

Malam, barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Ƙalubalanta dai kana da dama, domin takardar tara zargi ce, ba hukunci ba, kuma duk wanda aka zarga yana da haƙƙin ya ce bai yarda ba a je gaban alƙali. Inda maganar take shi ne rabi na biyu na tambayarka, wato ko akwai abin da za ka riƙe in ka je. A nan zan faɗa maka abin da wataƙila ba shi kake son ji ba: hujjar da ta fi ci maka rai, cewa shi ne ya yi mummunar ajiya, ita ce mafi rauni a shari'ar tara. Tana da amfani sosai, amma a wata shari'ar daban.

Ban ga takardarka ba, ba ka kuma faɗi ƙasar da abin ya faru ba, alhali wa'adi da sashen doka da girman tara sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Don haka abin da zan yi bayani a kai shi ne tushen da kusan dokokin hanya duka suka yi tarayya a kansa.

Shari'a biyu ce, ba ɗaya ba

Karon mota ɗaya yakan haifi magana biyu. Ta farko tsakaninka da hukuma: shin tuƙinka a wannan daren ya saɓa doka? Wannan ita ce takardar da ke hannunka. Ta biyu tsakaninka da mai motar da kamfanonin inshora: wa zai biya gyara, kuma kashi nawa? A ta biyun ana raba laifi. A Ingila, tun dokar 1945 kotu take iya rage diyyar wanda ya yi ƙara gwargwadon sakacin da shi ma ya yi, kuma yawancin ƙasashe suna da irin wannan tsari. Wanda ya bar rabin motarsa a kan titi bayan kwana, cikin duhu, yana iya ɗaukar kaso mai tsoka na asarar. A ta farkon kuwa ba a rabo. Alƙali yana duban mutum ɗaya ne, wanda sunansa ke kan takarda. In ka miƙe ka ce ai shi ma ya yi laifi, amsar da za ka ji ita ce mai yiwuwa haka ne, amma ba shi aka gurfanar ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka take naka ka hango na wani, kuma alƙalan kotunan hanya sun ji wannan kukan har sun gaji.

Me ya sa jami'i ya fi saurin rubuta wa mai tafiya? Domin ƙa'idar da aka gina dokokin tuƙi a kai ke nan. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta birnin Biyana (Vienna) kan zirga-zirgar ababen hawa ta 1968, wadda ƙasashe da dama suka kwaikwayi dokokinsu daga gare ta, ta ce a sashe na 13 dole direba ya daidaita gudunsa yadda zai iya tsayawa cikin iyakar abin da idonsa ke gani a gabansa, kafin ya kai ga duk wani cikas da ake iya tsammani. Mota a ajiye ba ta motsi, ba ta faɗo maka kwatsam. Saboda haka da jami'i ya iso ya ga ɗaya a tsaye ɗaya ta dake ta, lissafin da yake yi a ransa gajere ne: ko gudu ya yi yawa, ko ido ba ya kan hanya. Galibi ma bai ga karon ba, daga abin da ya tarar da abin da kuka faɗa masa ya yanke. Wannan ita ce kafar da ake shiga ta cikinta, zan dawo kanta.

Yarjejeniyar nan dai, a sashe na 23, ta hana ajiye mota a kwana ko kusa da ƙarshen hawa inda ba a hango gaba sosai. Ke nan abin da mutumin ya yi, in yadda ka faɗa ne, laifi ne. Rashin rubuta masa tara rashin adalci ne da za ka iya yin ƙorafi a kansa, sai dai ba ya soke taka.

Abin da alƙali zai auna

Laifin tuƙi ba tare da kula ba yana da ma'auni. Dokar hanya ta Birtaniya ta 1988 ta fayyace shi da cewa tuƙin ya gaza abin da ake tsammani daga ƙwararren direba mai lura. Sauran ƙasashe suna amfani da wasu kalmomin, amma ma'anar tana kusa. Tambayar da za ka yi wa kanka tsakani da Allah ita ce: da wani direba mai natsuwa ne ya sha wannan kwanar a wannan daren, da gudun da ya dace da wurin, zai kauce? In amsar ita ce zai kauce, shari'arka ta yi rauni. In kuwa shi ma da sai ya dake ta, to kana da magana. A nan ne ajiyar mutumin ke shigowa, ba a matsayin "shi ma ya yi laifi" ba, a matsayin hujjar cewa cikas ɗin ba irin wanda ake gani da wuri ba ne.

Wannan kuma lissafi ne, ba rantsuwa ba. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta sauka kan birki, mutum yakan ɗauki daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da daddare ma yakan fi haka. Wato ka yi tafiyar wajen mita 20 kafin birki ya fara kamawa, sannan birkin kansa ya ci wasu mita 14 a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau. Jimla kusan mita 35. A kilomita 80 lissafin yana kaiwa kusan mita 70, domin nisan da birki ke ci ba ya ƙaruwa daidai da gudu, in gudu ya ninka sau biyu shi ninkawa yake sau huɗu. A kilomita 30 kuwa bai kai mita 20 ba. In titin a jiƙe yake, ƙara a kai.

To, koma wurin da rana, ka tsaya daidai inda direba zai fara hango inda motar take, ka auna. Sannan ka koma da dare a irin lokacin da abin ya faru ka sake dubawa, domin abin da ake gani da rana ba shi ake gani da fitilar mota ba. In ka samu cewa ana hango wurin daga mita 100, ka san akwai abin da ya ɗauke maka hankali. In daga mita 25 ne kawai, saboda katanga ko bishiya ko lanƙwasar titin, ga hujja ta samu. Amma ka shirya wa tambayar da mai gabatar da ƙara zai jefo maka nan take: tunda ka san ba ka ganin abin da ke bayan kwanar, me ya hana ka rage gudu? Iyakar gudun da ke jikin allo ba izini ba ne na yin wannan gudun a kowane hali. Amsa mai ƙarfi ita ce ka nuna ka rage ɗin, kuma girman ɓarnar yana taimakawa, don motar da ta sha karo a ƙaramin gudu jikinta yana nunawa.

Na taɓa tsaya wa wani direba da ya daki bayan wata babbar mota da ta lalace aka bar ta a hannunsa bayan kwana, baƙa ƙirin, fitilun bayanta a fashe, ba a sa alamar gargaɗi mai kusurwa uku ba. Abin da ya fitar da shi ba dogon jawabi ba ne. Hotuna ne da ɗan'uwansa ya ɗauka a daren kafin a janye motar, da awon da muka yi na nisan da ake hangowa. Mai gabatar da ƙara ya duba ya janye. Na kuma ga akasin haka sau da yawa: mutum ya zo da gaskiyarsa a baki, ba hoto, ba shaida, an riga an kwashe motocin, sai maganarsa da ta jami'i. A irin wannan alƙali yakan bi jami'i.

Akwai wasu hujjojin da kotu ke saurara. Wata mota ta shigo hannunka ka kauce mata, ko yaro ya faɗo titi, ka gwammace ka daki ƙarfe da ka take mutum. Wannan hujja ce mai kyau in akwai wanda ya gani ko kyamara ta ɗauka, in babu kuwa alƙalai sun saba jin labarin motar da ta ɓace ba wanda ya ga lambarta. Birki ya tsinke ko taya ta fashe ba zato: ana karɓa, amma sai bakanike ya duba ya rubuta, kuma in ya bayyana ka daɗe da sanin birkin na da matsala, ka fita daga ƙaramin laifi ka faɗa babba. Wanda ke cikin motar da ke ajiye ya buɗe ƙofa a gabanka: wannan laifinsa ne kai tsaye, sashe na 24 na yarjejeniyar da na ambata ya hana, amma ba shi ne halinka ba. Hasken motar da ke tahowa ya kashe maka ido kuwa hujja ce da mutane ke so, ni kuma ba na son ta, domin abin da doka ke nema ga wanda haske ya kashe wa ido shi ne ya rage gudu.

Me ka faɗa wa ɗan sanda?

Wannan ce tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya shigo ofishina da irin takardarka. Tunda jami'in bai ga karon ba, shaidarsa mafi ƙarfi ita ce bakinka. "Wallahi ban gan ta ba." "Na ɗan duba waya ne." "A gajiye nake, tun safe nake aiki." Mutum yana faɗin waɗannan cikin ruɗewa, yana ganin uzuri yake bayarwa, alhali amsa laifi yake yi, kuma jami'i yana rubutawa. Saboda haka kafin ka yanke shawara, nemi kwafin rahoton hatsarin da zanen da aka yi na wurin, da bayaninka kamar yadda aka rubuta shi. A yawancin wurare wanda ake tuhuma yana da haƙƙin ganin hujjojin da za a kawo a kansa. In rahoton ya nuna motar tana kan titi, ba fitila, bayan kwana, jami'in ya yi maka rabin aiki. In zanen ya nuna ta a gefe tsaf, akwai gyara a gabanka, kuma hotuna ne kawai za su yi shi.

Kada ka je kotu da labarin da ya saɓa wa wanda ka bayar a daren. Ana karanto maka na farko, kuma daga nan ba abin da za ka faɗa a yarda. Ka kuma tuna motoci da yawa na zamani suna da na'urar da ke adana gudun mota da taka birki na 'yan daƙiƙu kafin karo mai ƙarfi. Ga mai gaskiya shaida ce, ga wanda ya rage wa gudunsa lamba kuwa tonon asiri ce.

Kyamarorin tsaro na gidaje da shagunan da ke kallon titin su ne abin da ya fi gaggawa. Yawancinsu suna goge tsohon hoto su ɗora sabo bayan 'yan kwanaki ko makonni. Mako guda ya riga ya wuce, don haka yau za ka je, ba gobe ba.

Mutane kan zo suna murna wai an yi kuskure a rubuta launin motarsu ko harafi ɗaya a sunansu, suna zaton takarda ta mutu. Da wuya. Kotu takan gyara ƙaramin kuskure ta ci gaba. Wanda ke da nauyi shi ne kuskuren da ya taɓa zuciyar tuhumar, kamar sashen dokar da bai dace da abin da ya faru ba, ko wuri da rana da ba su ne ba.

Kafin ka biya

Duba bayan takardar yanzu ka ga wa'adi. A Jamus mako biyu ne ake ba mutum ya ƙi amincewa da takardar tara, a Ingila kwana 28 ne na tarar da ake yankewa nan take, a Faransa kwana 45. In ya wuce, a wurare da yawa an ɗauka ka amince, wani wurin ma tarar ƙaruwa take. Kuma biya, a yawancin dokoki, rufe ƙofa ne. A Faransa doka ta ɗauki biyan tarar a matsayin amincewa da laifin, ba ka biya sannan ka dawo ka yi jayayya.

Kuɗin tarar kansa sau da yawa shi ne ƙaramin abu. Abin da ke biyo baya ya fi shi: makin laifi da ake rubuta wa direba a lasisi inda ake da wannan tsarin, ƙarin kuɗin inshora na shekaru, da matsala a wurin aiki ga wanda tuƙi ne sana'arsa. A Birtaniya wannan laifin yana jawo maki 3 zuwa 9, kuma wanda ya tara 12 cikin shekara uku yakan rasa lasisi na wata shida. Sannan akwai tasirinsa a kan shari'ar diyya. A jihohin Amurka da dama, wanda ya amsa laifi a kotu ana iya kawo amsar tasa a matsayin hujja a ƙarar diyya, shi ya sa lauyoyi a can kan ba da shawarar wata amsa ta uku inda doka ta yarda, wadda mutum ke cewa ba zai yi jayayya ba amma bai amsa ba. A jihohin Alabama, Maryland, North Carolina da Virginia kuwa, wanda aka samu da ko ɗan sakaci kaɗan yana iya rasa diyya gaba ɗaya. Ba kowace ƙasa ke da wannan tsanani ba, amma ko'ina kake, kamfanin inshorar mai motar zai yi murna da ganin ka biya. Don haka sanar da naka kamfanin, in ba ka riga ka yi ba, ka kuma tambaye su kafin ka sa hannu a kan komai. Wasu takardun inshorar ma suna ɗauke da kuɗin lauya, masu su ba su sani ba.

Zuwa kotu shi ma yana da nasa tsada. In ka faɗi, tarar kotu tana iya fin ta takarda, ga kuɗin shari'a, ga ranakun aiki da za su tafi in ana ɗagewa. Akwai masu cewa ka je kawai, jami'in ba zai zo ba a kori ƙarar. Yakan faru, amma sau da yawa ɗage zaman ake yi a ba shi wata rana. Ba abin da mutum zai gina shari'arsa a kai ba ne.

Tsakanin biya da cikakkiyar shari'a akwai hanyar da na fi bi da mutane, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita. A rubuta wa ofishin da ya ba da takardar, ko a zauna da mai gabatar da ƙara kafin ranar zama, a ajiye masa hotuna da awo, a nemi ya janye ko ya sauko da tuhumar zuwa ƙaramin laifin da ba ya taɓa lasisi. Wasu wuraren suna ba wanda bai taɓa laifi ba damar yin kwas na tuƙi a maimakon maki. Kana da abubuwa uku da ke taimaka maka a irin wannan zaman: ba wanda ya ji rauni, ajiyar motar ba daidai take ba, kuma ka tsaya. Na ƙarshen nan ba ƙaramin abu ba ne. Da ka tafi, da yanzu maganar gudu daga wurin hatsari muke yi, laifin da a Jamus hukuncinsa ke iya kaiwa ɗaurin shekara uku, kuma barin 'yar takarda a gilashin motar ba ya wadatarwa a can. A Birtaniya wanda bai samu mai motar ba dole ya kai rahoto ga 'yan sanda cikin awa 24. Ka tabbata an rubuta a rahoto cewa kai ne ka jira.

A ra'ayina, bisa abin da ka faɗa, kada ka biya tukuna. Shigar da ƙin amincewarka cikin wa'adi, domin a wasu wurare mutum yana iya janyewa daga baya ya biya, amma wanda ya biya ba ya dawowa. Sai ka karɓo rahoto, ka nemi hotunan daren daga duk wanda ya ɗauka, ka yi awon nan. In awon ya nuna ana hango motar daga nesa, ko rahoton na ɗauke da maganar waya ko gajiya daga bakinka, nemi sassauci ka bar shari'a, ka mayar da ƙarfinka kan rabon kuɗin gyara, inda mummunar ajiyarsa za ta yi maka aiki. In kuwa awon ya goyi bayanka kuma ba ka faɗi abin da zai cuce ka ba, je ka tsaya. Ranar zaman ka riƙe kwafi uku na kowane hoto, na alƙali da na mai gabatar da ƙara da naka. In an ba ka damar yi wa jami'in tambaya, ka taƙaita: ka ga karon da idonka? A ina ka tarar da motar, tayoyinta nawa ne a kan titi? Akwai fitila ko alama a jikinta? Ka auna nisan da ake hango ta daga kwanar? Ka bar shi ya amsa, kada ka yi masa gardama. In tuƙi ne abincinka, ko makin da ke lasisinka ya kusa cika, ɗauki lauyan da ya saba da kotun da za a kai ka, ka kai masa takardar tun kafin wa'adin ya matso.